Sun Ce Sada Ya Koma Gida

Jama'a, kafin ku ce na cika zargi, ku bari in ba ku labarin yadda abin ya faru, in ya so sai ku yanke min hukunci. Ni Rabi'atu na san halina. Tun ina ƙarama a Funtuwa, ko ruwa aka miƙo min sai na leƙa gindin kofin kafin in kai baki. Amma wannan karon wallahi ba ni na je neman magana ba, ita ce ta hawo bene ta same ni har ɗaki.

Ga wadda ba ta san ni ba, karatu nake yi a Alƙahira, ina zaune a gidan yayana Ya'ƙub a Hayyu Sabi', unguwar da ɗaliban Najeriya suka cika, har wani lokaci Hausa takan fi Larabci yawa a layin sayen burodi. Yaya shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibanmu. Duk wanda ya sauka daga jirgi shi yake nema, duk wanda ya gama zai koma gida shi yake yi wa sallama. Matarsa Anti Sulafa Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso za su Hajji a ƙafa, suka yada zango a bakin kogi, ba su ƙara komawa ƙasar Hausa ba. Ta hanyarta na san Dakta Ayman, ɗan ƙanin babanta, wanda ke duba marasa lafiya a wani ƙaramin asibitin unguwa a bayan layinmu. Kusan duk baƙin fatar da ke unguwar wurinsa suke zuwa, daga mai mura har mai ciwon suga.

Dogo ne siriri, mai farin gilashi, ba ya ɗaga murya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in yana magana sai ki ɗauka kakarki ce ta dawo duniya ta yi karatun likita. Ba ya kirana Rabi, sai dai "ya Rabi'a", yana jan ƙarshen sunan. Ban san lokacin da na fara sauraron takunsa a matakala ba.

Da ƙyar Inna ta yarda. "Duk samarin Funtuwa, Rabi," in ji ta a waya, "sai ki ɗauko min wanda ba mu san ƙofar gidan ubansa ba?" Yaya ne ya yi ta lallashinta har ta ce to, a bari manya su zauna.

Ana cikin shirin zaman ne, a ƙarshen 2014, hukumar da ke sa ido kan likitocin unguwa ta fitar da sakamakon bincikenta a intanet. Kowane asibiti an ba shi launi. Kore lafiya lau, rawaya a kula, ja kuma haɗari. Ina kicin ina tace zoɓo wayata ta hau tsuwa ba ƙaƙƙautawa, na share hannu a jikin zani na duba zaurenmu na ɗalibai mata a WhatsApp.

"Innalillahi, kun ga asibitin Dakta Ayman?"

"Ja fa! Ja wur!"

"Wai masu ciwon suga da hawan jini da ke hannunsa ɓacewa suke yi, babu bibiya."

"Ɓacewa ko mutuwa?"

"Shhh, Rabi tana zauren nan."

Na kifa wayar a kan firij. Zoɓon da nake tacewa ya tumbatsa ya zubo a kan tayil, na tsaya ina kallonsa kamar ba ni zan goge ba.

Kun san labari ba ya neman biza. Kafin rana ta faɗi ya isa Funtuwa. Inna ta kira Yaya, ya sa ta a lasifika a tsakiyar falo.

"Ya'ƙub, ashe mutumin da ka tsaya min a kai kashe mutane yake yi?"

"Inna, ba haka ba ne..."

"To yaya ne? Gwamnatin ƙasar da yake zaune ta ce ja ne, kai ka fi ta sani? A dakata da maganar nan. Rabi tana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Ko gaisuwa ban yarda ba."

Anti Sulafa ta ja gefen laffayarta ta rufe fuska ta shige ɗaki. Ni kuwa na koma baranda na zauna a kan bokitin wanki, ina jiran ya kira ni cikin tashin hankali, ya rantse, ya yi faɗa, ko ma ya yi kuka. Ga abin da ya turo:

"Ma'alish, ba komai, ya Rabi'a. Lissafinsu ne ya karkace. Za su gyara."

Shi ke nan fa. Mutum an zubar masa da mutunci a gaban duniya, aurensa na lilo, amma ya rubuto kamar wanda aka ce masa mota ta yi latti. Na rubuta, "Ta yaya ka san za su gyara?" Ya amsa da "Ki yi haƙuri kawai," da hoton fure. Na tsani furen nan.

Daga nan sai gidanmu ya canja. Inna ta hana ni gaisuwa, amma ba ta hana Yaya ba. Kullum bayan la'asar Dakta zai hawo da kwamfutarsa a jaka, su shige falo da Yaya su turo ƙofa. In na kai musu shayi sai magana ta ɗauke ɗif, Yaya ya karɓi faranti tun daga bakin ƙofa, ya ce, "Na gode, je ki." Dakta ko ɗago kai ba ya yi.

Ranar da na gaji, na tare Yaya a hanyar banɗaki.

"Yaya, wai me kuke ƙullawa ne?"

"Ƙullawa? Ki iya bakinki." Ya sassauta murya. "Abin mai sauƙi ne. Ɗalibi ya gama karatu ya koma Kano ko Zariya, ba zai je asibiti ya ce a rufe masa fayil ba. Kwamfutar hukuma kuma in ta ga mai ciwon suga ya daina zuwa, sai ta ɗauka likita ne ya yi watsi da shi, ko ya mutu. Su ba su saba da asibitin da rabin mutanensa baƙi ne masu tafiya ba. Ni nake tabbatar musu da waɗanda suka koma gida, tunda ni nake raka su filin jirgi. Kin gane?"

Na gane. Maganar ta zauna daram, babu inda ta gurɗe. Har na ji kunyar kaina. Sai dai wata zuciyar ta ce min, in dai iyakarta ke nan, me ya kawo rufe ƙofa?

Ba a daɗe ba kuwa hukumar ta fito ta amsa kuskurenta. Ta ce hanyar da ta bi wajen ƙirga marasa lafiyar da suka daina zuwa ba daidai ba ce, ta ba likitocin da abin ya shafa haƙuri, ta sake fitar da launuka. Asibitin Dakta Ayman ya tashi daga ja ya koma kore shar. Zauren da aka yi ta zaginsa ya cika da "Alhamdulillah" da "Ni dama na san sharri ne", daga bakin waɗanda suka fara yaɗawa. Inna ta kira da kanta, muryarta kamar ba ita ba. "To ai sai a ci gaba. Ki gaishe shi, ki ce Allah ya ƙara tsarewa."

Anti Sulafa ta ce sai an yi walima. Ta tuƙa asida, wato tuwo irin na Sudan, ni na yi miyar kuka da kukar da aka aiko mana daga gida, aka sayo gasassun kaji a bakin titi. Ta turara gidan har labule sai da ya ɗauki ƙamshi, ta naɗa laffaya ruwan goro mai zaren zinare, ta tilasta min sa atamfata shuɗiya da ban taɓa ɗaurawa ba, ta shafa min humra a bayan kunne tana tsokanata da amarya. Dakta ya zo da farar jallabiya da rawani, ya yi kyau har na ji haushin kaina da na lura.

Muna cikin ci Anti ta ce, "Kai, mun manta Fadimatu! Rabi, kira ta ta zo da yaron, ai abincin ya yi yawa."

"A'a."

Yaya ne ya faɗa, da ƙarfin da ya sa kowa ya tsaya. Ya gyara murya. "Ina nufin a bar ta, tana da jarrabawa. A zuba mata a kai mata gobe."

Na kalli Dakta. Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin rawani, gilashin da babu ko ƙura a jikinsa. Yaya kuwa daga nan bai ƙara kai loma ba.

Bari in gaya muku wace ce Fadimatu. Ƙawata ce, 'yar Katsina, ta girme ni kaɗan. Ta zo Masar da mijinta Sada, mai fara'a, mai ciwon suga tun yana yaro, kullum da allurarsa. A watan Agusta na 2013, lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, aka tare hanyoyin unguwarmu da motocin soja, maganinsa ya ƙare. Kantunan magani a rufe, asibitin Dakta a rufe. Kafin a samu hanyar kai shi babban asibiti ya riga ya fita hayyacinsa, a can ya cika. A nan Alƙahira aka binne shi. Fadimatu ta ƙi komawa gida, ta ce sai ta ƙarasa karatun da suka fara tare. Ban taɓa jin ta ɗora wa kowa laifi ba.

Washegari da hantsi na zuba abincin a kula na tafi da kaina. Ta buɗe min ƙofa da hijabin salla, idanunta sun kumbura. Ɗanta yana ƙasa yana tura murfin tukunya kamar mota.

"Lafiya, Fadimatu?"

Ta ja ni kan katifa ta riƙe hannuna. Tafinta sanyi ƙalau.

"Rabi, ɗazu wata mata ta kira ni. Ta ce daga ofishin hukumar nan take, na unguwar Muhandisin. Wai bayan gyaran da suka yi, suna ɗan kiran iyalan wasu marasa lafiya, nan da can, don su tabbatar komai daidai ne."

"To?"

"Ta tambaye ni, 'Ke ce matar Sada?' Na ce ni ce. Sai ta ce..." Ta ƙara damƙe hannuna. "Ta ce, 'Muna so mu tabbatar ya isa Najeriya lafiya, kuma yana samun allurarsa a can.'"



"Najeriya?"

"Haka aka shaida musu. Wai ya gama karatu ya koma gida. Rabi, mutumin da na san inda kabarinsa yake! Ina zuwa duk Juma'ar da na samu hali!"

"Me kika ce mata?"

"Na ce layin ba ya ji, ta ce za ta sake kira da yamma." Ta share hawaye da bakin hijabi, ta dube ni ido cikin ido. "In na ce ya rasu, za su koma kan Dakta, su koma kan duk wanda ya ba da shaidar. Aurenki ne, gidanku ne. In na ce yana Najeriya kuma, na kashe shi sau biyu, na shafe shi kamar bai taɓa kwanciya a ɗakin nan yana kiran sunana ba. Ki gaya min, me zan ce?"

Na rungume ta kawai, ina jin ƙamshin humrar jiya yana tashi daga jikina, sai na ji ƙyamar kaina.

Daga can ban wuce gida ba. Na bi ta bayan layi, na wuce mai sayar da lemo da masu gyaran mota, na hau matakalar asibitin. Mutane sun dawo, benci ya cika da mata masu goyo. A bango an liƙa sanarwar hukumar, an zagaye kalmar kore da alƙalami. Na jira mai lalurar da ke ciki ta fito, na kutsa ba tare da an kira ni ba.

"Ya Rabi'a!" Ya miƙe da murmushi. Da ya ga fuskata murmushin ya koma.

"Dakta, ina Sada yake?"

Ya zagayo ya tura ƙofar, ya bar ta a ɗan buɗe, ya koma ya zauna.

"Wa ya yi miki maganar?"

Ku lura da kyau, jama'a. Bai ce "wane Sada" ba, bai ce "me ya faru" ba. Wa ya yi miki maganar.

"Sun kira matarsa. Suna tambaya ko ya isa Najeriya lafiya."

Ya rufe ido. "La haula."

"Kai ka gaya musu haka?"

"A'a. Wallahi a'a. Ni na ware waɗanda suka daina zuwa, a gaban sunan Sada na rubuta ya rasu. Shaidar waɗanda suka koma gida ba daga hannuna ta fita ba."

"Amma ka sani."

"Na gani bayan an aika."

"Ka gani, ka yi shiru, ka zo ka ci kaji."

Ya ɗora hannuwa biyu a kan tebur. "Saurare ni. Gyaran da suka yi gaskiya ne. Sauran duk suna raye, suna gidajensu, ki kira kowa kike so. Mutum ɗaya ne. In suka buɗe maganarsa za su tambayi me ya sa asibiti yake rufe ranar, me ya sa ban je ba. Ni baƙo ne a ƙasar nan kamar ke. Na fito, sojoji suka duba takarduna suka mayar da ni. Wa zai saurari wannan? Su rufe wurin nan, matan da kika wuce a benci ina za su?"

Ya iya magana, wannan ban taɓa musu ba. Amma kowace jimla tana fitowa a jere kamar wadda aka daɗe ana bitarta.

"To in ba ka da laifi, me kake tsoro? Ka ce musu an yi kuskure. Ai su ma sun yi nasu sun amsa."

"Ba ni kaɗai ba ne a ciki."

"Yaya ya yi ne don ya rufa maka asiri. Don ni."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Haka ya ce miki?"

"Ba sai ya faɗa ba."

Ya daɗe yana kallona, kamar mai auna ko jikina zai ɗauki allurar da zai yi min.

"Ranar da Fadimatu ta kira ni, ina da kwalba biyu na maganin a firij ɗin gidana. Da na ga ba zan iya ƙetarawa ba, na ba wani wanda ke da katin ɗalibi, wanda sojojin layin suka sani, ya kai. Tun kafin la'asar na damƙa masa a hannu, cikin leda da ƙanƙara. Maganin bai isa gidan Sada ba."

"Wa ka ba?"

"Kin san wanda na ba, ya Rabi'a."

Na miƙe, kujerar ta faɗi ta baya. "Ƙarya kake yi! Yaya ne ya yi wa Sada wanka da hannunsa!"

"Na sani. Ina wurin."

Ban san yadda na sauko matakalar ba. A hanya ina ta juya abin. In Dakta gaskiya ya faɗa, to yayana, wanda ya goya ni, wanda ya biya min kuɗin jirgi, yana ɗauke da ran mutum a wuyansa, kuma tsayawar da ya yi min a gaban Inna ba don ni ba ce, don ya ɗaure bakin wanda ya san sirrinsa ne da igiyar surukuta. In kuma ƙarya ya yi, to mutumin da zan aura ya iya duban idona ya jefa ɗan'uwana a rami don ya tsira. Ku gaya min, wanne zan roƙi Allah ya zama gaskiya?

Ina sa ƙafa a falo na tarar da Yaya zaune da waya a lasifika, Anti Sulafa a gefensa ta baje yadudduka a kan kafet, leshi da shadda da wani farin mayafi mai duwatsu.

"Yawwa, ga ta nan," in ji Yaya. "Inna, ga amaryar."

"Rabi!" Muryar Inna ta cika ɗakin. "Kawunki ya yarda. Yayanki ya ce kada a ja abin, a ɗaura kafin azumi. Ni ma na ga hakan ya fi. Me kika ce?"

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Na ciro. Saƙon Fadimatu ne.

"Ga shi suna kira. In ɗauka?"

Na ɗago na kalli Yaya. Yana murmushi, yana yi min alama da hannu in matso kusa da wayar in yi magana. Na matso. Na durƙusa a kan leshin.

"Yaya," na ce, "ranar da Sada ya rasu, ina ka kai maganin?"

Almakashin da ke hannun Anti ya faɗi a kan kafet. Murmushin Yaya bai gushe nan take ba, ya tsaya a fuskarsa kamar an manta da shi a wurin.

"Wane magani?" in ji Inna. "Wane ne Sada kuma? Ya'ƙub? Ya'ƙub, ina magana ka yi shiru?"

Yaya ya miƙa yatsa a hankali ya katse kiran, abin da bai taɓa yi wa Inna ba tunda aka haife shi. Ya tashi ya je ƙofar falo ya murza makulli, ya zare shi ya sa a aljihu. Saƙon Fadimatu na ci gaba da haske a wayar da ke tafin hannuna.

"Sulafa, shiga ciki," ya ce, ba tare da ya kalle ta ba. Sannan ya juyo gare ni, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ke kuma ajiye wayar nan. Kafin ki ba kowa amsa, sai kin ji inda na kai shi."